Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Ƙididdiga Ta Ƙasa: Ƙidayar Da Ke Tsayawa A Zaure

Ranka ya daɗe,

Na rubuto maka wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda maganar ta shafi miliyoyin mata waɗanda ba za su taɓa taka ofishinka na Abuja ba, alhali abin da ke fita daga ofishin yana iske su har tsakar gida. Dokar Ƙididdiga ta 2007 ta ɗora wa hukumarka alhakin fitar da alƙaluman gwamnati da daidaita aikin ma'aikatun da ke tattara su. Da waɗannan alƙaluma ake tsara kasafi, da su ake raba tallafi, da su Bankin Duniya da sauran masu ba da rance ke duba inda kuɗi zai nufa. Ƙorafina guda ne. Kaso mai yawa na abin da ƙasar nan ta rubuta game da sana'ar matan aure da dukiyarsu da wahalarsu, musamman a Arewa, ba daga bakinsu aka ji shi ba. Wani aka tambaya a madadinsu, aka rubuta amsarsa da sunansu, sannan aka ɗora shirye-shiryen gwamnati a kai.

Abin yana faruwa ne ba tare da kowa ya ƙulla mugunta ba. Jami'in tattara bayanai ya iso gari, mai unguwa ya haɗa shi da ɗan rakiya, ya yi sallama a ƙofar gida, maigida ya fito, a shimfiɗa tabarma a zaure. Tsarin binciken gidaje a ko'ina cikin duniya ya yarda wani ya amsa a madadin wanda ba a samu ganinsa ba, don kada aiki ya tsaya. A wasu ƙasashen wanda ba a samu shi ne wanda ya tafi wurin aiki. A Kano da Katsina da Sakkwato kuwa, wadda ba a gani ita ce matar gidan, kuma ba tafiya ta yi ba, tana bayan katanga, wataƙila ma tana jin muryar baƙon. Sai a tambayi maigida ko iyalinsa na aiki, ya ce a'a, suna gida. A fahimtarsa gaskiya ya faɗa, domin ciyarwa a wuyansa take, mutuncinsa ne a san shi ke ɗauke da gidan, kuma da an ce aiki hankalinsa kan albashi ko gona ko rumfar kasuwa yake tafiya. A daidai wannan lokaci uwargida na matsar man gyaɗa da za a kai kasuwa gobe, amarya na ɗinkin hula, akwai awaki a ɗaure waɗanda ba nasa ba ne, akwai zubin adashe da bai san adadinsa ba, kuma 'yarsa ta fita da farantin ƙuli-ƙuli tun hantsi. Ko da ya so ya faɗi nawa ke shigowa ɗakunan nan, ba shi da lissafin. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma takardar tambayoyi ta ɗauka cewa mai zaure ya san yoyon kowane ɗaki.

Masana sun gano wannan giɓi tun kafin a haifi yawancin jami'anka. Polly Hill, wata masaniya 'yar Ingila da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta wallafa maƙala a 1969 kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki na ƙasar Hausa. Ta nuna cewa saye da sayarwar hatsi da dafaffen abinci masu yawa a cikin gidaje ake yin su, a hannun matan da ke kulle, yara ne ke kai da kawowa, har gidajen gari su zama kasuwa guda wadda baƙo ba ya gani. A farkon shekarun 1970 Emmy Simmons ta bi sana'ar sarrafa abinci a ƙauyukan Zariya, ta tarar galibin mata suna da abin da suke yi na sayarwa. Enid Schildkrout kuma ta yi aiki a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a birnin Kano daga tsakiyar shekarun 1970, ta bayyana yadda ribar matar da ba ta fita ta rataya a kan ƙafar yaron da za ta aika. Renée Pittin ta rubuta littafi sukutum a kan mata da aiki a Katsina. Abin da ya dame ni shi ne, bayan fiye da shekara hamsin da rubutun Hill, wannan sani ya tsaya a ɗakunan karatun jami'o'i. Ƙasar da ta sake auna girman arzikinta a 2014, ta kuma sake a 2025, har yau ba ta iya gaya wa gwamnan Jigawa ko na Kebbi mata nawa ne a jiharsa ke cin abinci da daddawa ko awara ko kitso ko turaren wuta, jarin nawa suke juyawa, kuma me ke karya su.

Babbar illar tana cikin yadda ake auna talauci. Binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019 da hukumarka ta fitar ya ce kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya, wato mutum miliyan 82.9, suna ƙasa da layin talauci na naira 137,430 ga mutum guda a shekara. Yadda ake samo irin wannan adadi shi ne a tara abin da gida ya ci ya kashe, a raba da yawan mutanen gidan. Rabawar nan ta ɗauka cewa tukunya ɗaya ce, kuma kowa daidai da kowa yake ɗiba. Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya san ba haka zancen yake ba. Aljihun miji daban, na mata daban, har miji kan sayi ƙosai a hannun matarsa ya biya. A gidan mace biyu ko uku, ɗakin wannan na iya samun rufin asiri saboda sana'arta ko 'yan uwanta, na waccan kuwa yaranta su kwana da ƙarancin abinci, duk a ƙarƙashin maigida ɗaya da lamba ɗaya a rajista. Akwai bazawarar da ta koma gidan wanta da 'ya'ya uku, akwai tsohuwar da ke zaune a ɗakin baya. Gidan na iya haye layin talauci, su kuwa ba su haye ba. Wannan ba zato ba ne. Caitlin Brown da Martin Ravallion da Dominique van de Walle sun duba bayanan ƙasashe 30 na Afirka kudu da Sahara, suka wallafa a 2019 cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na matan da nauyinsu ya gaza ƙa'ida da yaran da ke fama da ƙarancin abinci mai gina jiki ba sa cikin kashi 20 cikin ɗari na gidajen da suka fi talauci, kuma kusan rabinsu ba sa cikin kashi 40. Ma'anar wannan a aikace ita ce, duk tallafin da aka raba ta hanyar zaɓo gidaje mafi talauci zai wuce ta ƙofar yawancin matan da yunwa ke ci, ko da ba a saci ƙwandala ba. Mun saba ɗora laifin rashin isar tallafi a kan ɓarayi, kuma akwai su, amma wani ɓangare na laifin yana jikin ma'aunin.

Maganin da aka saba kawowa, wato kwatanta gidajen da mace ke shugabanta da waɗanda namiji ke shugabanta, bai taɓo ciwon ba. Ƙidayar noma ta 2022 ta nuna akwai gidajen manoma miliyan 40.2 a ƙasar nan, kashi 16 cikin ɗari ne mata ke shugabanta. Idan da wannan za a auna matsayin mata a noma, to an bar duk matan da ke cikin sauran kashi 84 a ƙarƙashin sunan mazajensu, da tumakinsu da kajinsu da 'yar gayaunar da suka gada. Ya kamata kuma mu masu kare haƙƙin mata mu daina yawo da alƙaluman da ba su da tushe. An daɗe ana maimaita cewa mata ne ke yin kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na aikin gona a Afirka. Da masu bincike na Bankin Duniya suka auna a ƙasashe shida, a wani aiki da ya fito a 2017, sai suka samu kashi 40 ne a tsakaice, Najeriya 37, Nijar 24, Arewacin Najeriya 32, Kudu 51. Ƙarin gishirin nan cutarwa yake yi, domin yana karkatar da ido zuwa kunya da garma, inda matan Hausa da yawa ba sa zuwa, ya ɗauke shi daga inda ƙarfinsu ke ƙarewa, wato bayan girbi: sussuka, shiƙa, surfe, ɓarar gyaɗa, turara shinkafa, kiwon turke. Shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 an tsara shi ne don haɗa manomi mai gona da babban kamfanin casar shinkafa. Matar da ke turara buhu biyu a tsakar gida ta sayar, wadda itace da tukunya da farashin shanshera ke yanke mata riba, ba ta da gurbi a irin wannan tsari, kuma ba za ta samu ba muddin babu adadin da ke nuna yawan ire-irenta.

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna abin da rashin sani ke jawowa cikin makonni kaɗan. An sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, aka janye tsofaffi, sababbi suka yi wuyar samu, aka ce jama'a su koma tiransifa. Cinikin cikin gida kuwa da tsabar kuɗi ƙanana yake tafiya, yarinya ce ke karɓa ta ƙulle a gefen zane ta kawo, ribar yau ita ce jarin gobe da kuɗin cefanen da miji ya kasa cikawa. Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na manyan 'yan Najeriya ba sa cikin kowane irin tsarin hada-hadar kuɗi, mata kashi 30, maza kashi 21, kuma Arewa maso Yamma ce kan gaba da kashi 47. Matar da ba ta da asusu, wayar da ke gidan ma ta miji ce, ina za a tura mata kuɗin fura? Da a ce akwai amintaccen adadi a gaban masu yanke hukunci na gidaje nawa ne abincin ranarsu ya dogara ga wannan ƙaramin ciniki, da an sami abin kafa hujja kafin a ɗauki mataki, ba sai jari ya narke ba.

Haka zancen karatun 'ya'ya mata. Alƙaluman UNICEF sun nuna fiye da rabin 'yan matan da suka isa firamare a Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma ba sa zuwa makaranta. An kashe kuɗi mai yawa wajen wayar da kai, bisa zaton cewa matsalar duk a tunanin iyaye take. Amma tun lokacin da aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976 Schildkrout ta lura cewa yarinyar da ta shiga aji, uwarta ta rasa mai kai mata kaya kasuwa. Talla ce ke haɗa sana'ar uwa da mai saye, kuma da ribarta ake tara kayan ɗakin yarinyar. Idan takardunku sun ce uwar ba ta aiki, to a kan takarda babu asarar da za ta yi in 'yarta ta tafi makaranta, don haka ƙin tura ta sai ya zama taurin kai zalla. In kuwa an san nawa tallar ke kawowa a mako, an san girman abin da za a cike wa uwa, ko kuma irin hanyar sayarwar da za a samar mata wadda ba ta buƙatar ƙaramar yarinya ta yini a tasha cikin haɗari.

Sai kuma aikin da ko kuɗi ba ya kawowa, girki da wanki da reno da jinyar tsoho da mara lafiya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ne ke yin kashi 76.2 cikin ɗari na sa'o'in irin wannan aiki a duniya, fiye da ninki uku na abin da maza ke yi, kuma lissafin arzikin ƙasa ba ya saka shi. Adadin duniya ba zai wadatar da mu ba, domin rabon aiki a nan yana da nasa fasali. A ƙasashe da yawa mata ke ɗebo ruwa daga nesa, a garuruwanmu kuwa sau da yawa yara ne ko 'yan ga-ruwa, sai dai kuɗin jarka daga hannun mace yake fita, ita ce kuma ke tsaye a kan murhu tana shaƙar hayaƙi. Takardar tambayoyin da aka kwafo daga wata ƙasa ba za ta kama wannan ba. Ko a kan mutuwa ma, abin da ya faru a cikin ɗaki bai cika isa rajista ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 16 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Arewa maso Yamma ake yi a asibiti. Binciken ya ƙiyasta mata 512 ke mutuwa a cikin haihuwa dubu ɗari, ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 kuwa ya ce 1,047. Hanyoyin lissafin sun bambanta, amma tazara irin wannan na nuna dukansu kintace ne, saboda matar da ta rasu wurin naƙuda a gida da safe ana binne ta kafin la'asar ba tare da an rubuta dalili a ko'ina ba.

Na san abin da za a ce, ranka ya daɗe, kuma na fara da mafi yawan faɗa: cewa addini da al'ada sun hana baƙo shiga gidan mutane. Namiji baligi suka hana, ba mace ba. Masu rigakafin shan inna mata ne, sun bi gida-gida suna shiga har ƙuryar ɗaki shekara da shekaru, kuma da gumin ƙafarsu aka kai ga ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agusta na 2020. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi hira da mata 41,821 kai tsaye a binciken lafiya na 2018, tana yi musu tambayoyi masu nauyi game da haihuwa da zaman aure, kuma ba a ji sama ta faɗo ba. Abin lura shi ne, muna iya kaiwa ga mace idan maganar cikinta da jaririnta ce, sai in an zo maganar jarinta da gonarta da bashinta ne ake tuna akwai kulle. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta naɗa jajis, manyan mata da ke bin ƙauyuka suna kai ilimi ga matan da ba sa fita, don haka hanyar isa gare su cikin mutunci a nan aka gada, ba daga waje aka kawo ba. Game da addini kuwa, Musulunci ne ya tabbatar wa mace sadakinta da gadonta da ribar sana'arta, ya hana miji taɓawa sai da yardarta, ya kuma wajabta mata zakka ita da kanta in dukiyarta ta kai nisabi. Binciken da ya narkar da dukiyarta cikin ta miji shi ne ya saɓa wa shari'ar da mutanen gidan ke bi.

Akwai hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Wataƙila matan kansu ba sa son a gan su. Mace na iya ɓoye ribarta don kada miji ya rage kuɗin cefane, ko don kada kishiya ta sani, ko don tsoron kada ƙidaya ta jawo mai karɓar haraji. Tsoron nan yana da tarihi. Boren matan Aba na 1929 ya tashi ne a Oloko lokacin da aka zo ƙirga mata da dabbobinsu, suka fahimci haraji ke biye, kuma fiye da mata 50 aka kashe kafin ƙura ta lafa. A Arewa ma an daɗe ana sanin cewa in an ga dagaci da takarda yana rubuta sunaye, haraji ko jangali ne ke tafe. Saboda haka rufin asiri ba abin da za a raina ba ne, wani lokaci shi ne kaɗai garkuwar mace. Sai dai wannan hujja tana nuna yadda ya kamata a yi tambayar ne, ba ta nuna a bar ta ba. A yi ta mace da mace, a keɓe, ba a gaban miji ko kishiya ko uwar miji ba, kuma a gaya mata a fili da Hausa ko Fulfulde ko Kanuri cewa doka ta hana hukumarka bayyana amsar mutum ɗaya ga kowa, har da masu haraji, sannan a cika wannan alkawari. Ɓoyuwar da take yi wa na kusa da ita zaɓinta ne, dole a kiyaye shi. Ɓacewarta daga jimillar lissafin jiha kuwa ba ita ta zaɓa ba, kuma ita ke biyan farashinsa duk ranar da aka tsara rance ko wutar lantarki ko injin niƙa ba tare da an san tana nan ba.

Za a kuma ce kuɗi. Gaskiya ne hira da kowane baligi a gida ta fi hira da mutum ɗaya tsada da cin lokaci, ga kuma wahalar ɗaukar jami'ai mata da kula da tsaronsu a wuraren da hanya ba lafiya. Amma ba a ce sai kowane gida ba. Ana iya yin hakan a wani kaso na gidajen da aka zaɓa, a kwatanta da sauran, a san girman kuskuren. Kuma ba na neman ka yarda da ni ba tare da gwaji ba, domin shaidar da ke akwai ba fuska ɗaya ta kalla ba. A gwajin da aka yi a Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2011, amsa a madadin wani ta rage adadin maza masu aiki ne, ba na mata ba. A Malawi kuwa, da aka kwatanta tsarin da aka saba da tsarin keɓe kowa a tambaye shi da kansa, sai aka ga tsohon tsarin yana rage adadin masu aiki, kuma ragin ya fi yawa a kan mata, yana kuma ƙara wa maza mallakar gona a kan takarda. Babu ɗaya daga ƙasashen nan biyu da ke da tsarin zaure da kulle irin namu. Wannan ya isa dalilin da za a yi gwajin a Kano da Zamfara da Borno, a fitar da sakamakon ko da ya ƙaryata ni.

Ina yaba wa hukumarka a kan abin da ta riga ta yi. Binciken gidaje da kuke maimaitawa tare da Bankin Duniya tun 2010 yana rubuta wanda ke kula da kowace gona, mace ko namiji. Sabon tsarin auna aikin yi na 2023, wanda ya sauko da rashin aiki daga kashi 33.3 zuwa 4.1 ya kuma sha suka, yana da wani alheri da masu sukar ba su kula da shi ba: tunda aikin sa'a ɗaya a mako don samun kuɗi ya isa a ƙirga mutum, mai suyar awara ta cancanci shiga lissafi. Amma cancanta a kan takarda ba ta sa a rubuta ta in ba ita aka tambaya ba, kuma shigar da ita cikin masu aiki ba tare da nuna ɗan abin da take samu ba zai iya sa a ɗauka matsalarta ta ƙare. Ina kuma jin tsoron yawaitar bincike ta waya. Wanda aka yi lokacin korona a 2020 ya fara da gidaje 1,950, ya yi amfani ƙwarai, sai dai lambar da ake da ita galibi ta maigida ce, don haka wayar ma a zaure take tsayawa.

Abin da nake roƙo kusan duk yana cikin ikon ofishinka. A kowane rahoton aikin yi da na yanayin rayuwa, a buga kashi nawa na mata da na maza ne suka amsa da bakinsu, jiha-jiha, domin mai karatu ya san nauyin adadin da ke gabansa. Wannan ba ya buƙatar sabon kasafi, tunda ana rubuta wanda ya amsa. A daina tsayawa ga tambayar ko tana aiki, a jero mata sana'o'in ɗaya bayan ɗaya da sunayen da ta san su da su, ko ta yi wani abu na sayarwa a makon da ya wuce, ko tana da dabba, ko tana zubi, ko wani ya ci bashinta, kuma matan da suka san sana'o'in su zauna a teburin fassara takardar. A tabbatar kowace tawaga da za ta shiga Arewa tana da mata isassu, da lokacin komawa gida sau biyu in an tarar uwargida na kan murhu. A tabbatar binciken yadda mutane ke cinye sa'o'in yininsu ya game jihohi 36 da Abuja, a riƙa maimaita shi, a kuma fitar da ƙimar aikin gida a wani lissafi na gefe kusa da na arzikin ƙasa. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, ta 2023 kuma an ɗage ta. Duk ranar da aka tsayar, ina roƙon ka yi amfani da kujerarka wajen ganin an ɗauki mata masu ƙidaya tun daga matakin mazaɓa, an horar da su da harshen garinsu, an kuma tanadi kuɗin sufurinsu da tsaronsu a cikin kasafin aikin tun kafin a fara.

Allah ya taya ka riƙo. Wassalam.

Daga 'yar ƙasa mai bibiyar rahotannin hukumarka.